Yatsa a Kan Leɓe

Dogo yakan dawo gida ne a lokacin da sauran mazan layin suke fita. Su suna tafe da ƙamshin sabulu, shi yana tafe da ƙaurin wuta da garin fulawa a gira, su gaisa a bakin hanya kowa ya kama gabansa. A gidan burodi yake aiki, kuma shi ne na bakin tanda: shi ke zura gwangwanaye cikin wuta, shi ke zaro su, har gari ya waye. Aiki ne da ba ya yafe gyangyaɗi, don wanda ya rufe ido a wurin, ko burodi ya ƙone ko shi ya ƙone.

Ɗaki ɗaya suke haya, shi da matarsa da ɗansu, a wani gida mai ɗakuna a jere da famfo ɗaya a tsakar gida. Gado na jikin bango, tabarma a ƙasa, kwanuka a kan keken ɗinkin da aka lulluɓe da zane, sai taga ɗaya da aka toshe da tsohon bargo don kada rana ta shigo. A nan Dogo yake barcin rana, kuma barci yake yi har da munshari. Abokan aikinsa kullum kukansu ɗaya, yara sun hana su runtsawa. Shi kuwa sai ya gyara tsayuwa ya ce, "Ni nawa ba ka ma sanin yana ɗakin."

Gaskiya ya faɗa. Yaron ba ya kuka, ba ya rigima, inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi yana juya murfin kwalba a hannu. Matan gidan suka laƙaba masa Salihi, sunan ya bi shi har iyayen ma suka koma Baban Salihi da Maman Salihi. Dogo yana jin daɗin sunan nan ƙwarai. Bai taɓa tambayar kansa yadda aka yi jariri ya zama salihi ba, ya ɗauka dai Allah ne ya dube shi ya ba shi ɗa mai tausayin uba.

Ranar da za a kai yaron awo da rigakafi, uwar ta tashi da zazzaɓi, dole ta sa Dogo ya haƙura da barci ya saɓa shi a kafaɗa. A asibitin unguwa ya tarar da benci cike da mata, shi kaɗai ne namiji, ga shi ya fi ƙofar tsawo. Wata tsohuwa ta ce masa, "Sannu da ƙoƙari, mai jego." Aka yi dariya, shi ma ya ɗan murmusa. Yara suna ta tsala ihu ta ko'ina, nasa yana zaune a cinya kamar an dasa shi, Dogo kuwa sai kallon sauran matan yake da ɗan tausayi.

Nas ɗin wata dattijuwa ce mai tabarau, wadda ba ta da gaggawa. Ta ɗora yaron a sikeli, ta duba ido da baki, ta ce jiki kam ba laifi. Da ta yi masa allura sai ya yamutse fuska, hawaye suka gangaro, amma ko ƙis bai yi ba.

"Haka yake," in ji Dogo. "Ba ya kuka."

Ya jira yabo, bai samu ba. Nas ta ajiye allurar ta dube shi ta saman tabarau.

"Waɗanne kalmomi yake faɗa?"

"Ai bai fara ba tukuna."

"Ya wuce shekara ɗaya da rabi fa. Mama, Baba, ruwa, ko ɗaya?"

"Ban dai ji ba."

"Gwaranci fa, irin na jarirai?"

Dogo ya yi tunani. Ya tuna can baya, lokacin yaron yana ɗan watanni, kamar yakan ji wani abu haka. Ya rasa yaushe ya daina ji.

Nas ta zagaya bayan yaron ta kaɗa makullai, nan take ya waiwaya. Ta koma ɗaya gefen ta kira shi a hankali, ya sake waiwayawa. "Ga alama kunne lafiya," ta ce. "To, da wa yake hira a gida?"

"Hira?" in ji Dogo. "Da wannan?"

Nas ta zagayo. Ta durƙusa a gaban yaron, ta shiga tafa hannu tana rera masa wata 'yar waƙar wasa, murya a sake. Salihi ya zaro ido. Ya dubi nas, ya ɗaga kai ya dubi ubansa, sannan ya ɗaga ɗan yatsansa ya ɗora a kan leɓe, ya ce mata, "Shhh."

Matan da ke leƙe ta ƙofa suka fashe da dariya, wata tana cewa wannan yaro akwai wayo. Dogo bai yi dariya ba. Wannan ne karo na farko da ya ji ɗansa ya yi wa wani magana.

Nas ta miƙe ta koma kujerarta. "Baban yaro, ba faɗa zan yi maka ba. Yaro abin da ya ji shi yake mayarwa. Naka abu ɗaya ya ji, ya kuma iya shi sarai. Ku yi masa magana, ko da ba ya amsawa. In ana masa wanka a faɗa masa ana wanka. A nuna masa abu a faɗi sunansa. A fita da shi ya ga titi, ya ga mutane, ya taɓa abubuwa. In ya yi sauti, kowane iri ne, a amsa masa. Ku dawo bayan 'yan watanni, in ba a ga canji ba sai in tura ku wurin babban likita."

"Zai yi magana dai ko?"

"Ina sa rai. Amma ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Lokacin nan da yake ciki shi ne lokacin, kada ku bari ya wuce."

Duk tsawon hanyar gida Dogo yana tafe yana haɗa faɗan da zai yi. Ya tarar da matar a kwance a tabarma, ya sauke yaron, ya zayyana mata abin da ya faru, ya ƙare da cewa, "Ke kike wuni da shi. Me kike yi da shi duk tsawon rana da ba za ki iya yi masa magana ba?"

Maman Salihi ta tashi zaune da ƙyar.

"Ka manta ke nan," ta ce.

"Na manta me?"

Ta kamo hannunsa na dama ta juya shi. Akwai wani dogon tabo a wurin, daga wuyan hannu zuwa kusa da gwiwar hannu. "Yana ɗan wata biyu, ya wuni yana kuka, ka tafi aiki ba ka runtsa ba. Ka dawo da wannan. Ka ce mai gidan burodi ya ce in ka sake ƙona masa kaya ka nemi wani wurin. Ka zauna a bakin gadon nan ka ce, in ba a bar ka ka yi barci ba, ko aikin ya tafi ko hannun ya tafi."

Dogo ya tuna ƙunar, ya tuna zafinta. Maganar ce bai tuna ba sam. Shi a wurinsa magana ce irin ta mai jin zafi, ya faɗa ya wuce. Ita kuwa ta ɗauke ta ta riƙe.

"Da ya buɗe baki sai in sa masa nono," ta ce. "Da ya ƙara wayo sai in yi masa haka." Ta ɗora yatsa a leɓe. "Rediyo na kashe. Keke na rufe, na koma ɗinkin hannu. Fita ba na yi, don kada wani ya zo ya buga ƙofa ba na nan ya tashe ka. In ka tafi aiki kuma lokacin barcinsa ya yi." Ta miƙa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani abin kacau-kacau na roba, wanda yayar Dogo ta kawo wa yaron tun yana jariri. Ta miƙa wa Dogo. Ya kaɗa, bai ji komai ba. Ta ce, "Na ɓalle shi na zubar da 'ya'yan cikin."

Sai a lokacin Dogo ya lura da wani abu. Tun da suka fara wannan faɗan, da shi da ita, raɗa suke yi. Ba wanda ke barci a ɗakin, rana tsaka ce, amma raɗa suke yi. Yaron yana zaune a lungunsa yana kallon bakinsu. Kunya da baƙin ciki suka rufe Dogo. Ya miƙe ya fizge bargon da ke taga, haske ya cika ɗakin, har ƙurar da ke kan keken ɗinki ta fito fili.

Daga ranar ya rage barcinsa. Da rana ta yi sanyi sai ya tashi, ya wanke fuska, ya ɗora Salihi a wuya su fita. Sai dai fitar ba ita ce wahalar ba. Dogo mutum ne da zai iya kwana a bakin tanda bai furta abin da ya wuce "kawo" da "ɗauke" ba, yanzu an ce ya yi hira da wanda ba ya amsawa. Ya rasa ta inda ake farawa. Sai ya riƙa nuna abubuwa yana kiran sunansu kamar mai ƙirga kaya a sito.

"Mota. Keke. Kare. Wata motar."

Mai facin taya na bakin titi, wanda ya san shi tun kafin ya yi aure, ya ɗago kai ya ce, "Dogo, lafiya kake magana kai kaɗai? Ko zafin wutar ne ya fara taɓa sama?"

"Karatu muke," in ji Dogo, ya wuce cikin jin kunya.

Da sunayen suka ƙare masa, sai ya koma ga abin da ya sani. Ya shiga ba yaron labarin burodi: yadda ake kwaɓa fulawa, yadda ƙullu yake tashi in an rufe shi an ƙyale shi, yadda ake gane wuta ta yi daidai da bayan hannu. A nan bakinsa ya buɗe. Wata rana ma ya biya da shi gidan burodin tun ba a kunna wuta ba, ya gutsuro ƙullu ya sa masa a tafin hannu. Salihi ya matse, ƙullun ya fito ta tsakanin yatsunsa, ya dubi hannun, ya dubi uban, fuskarsa ta washe. Dariya ce sosai, har da haƙora, amma ba sauti a cikinta.

Suka je kasuwa ya taɓa tumatir da buhun gawayi. Suka je filin da yara ke buga ƙwallo. Suka tsaya wurin masu walda, daga nesa, yana kallon tartsatsi. A gida kuma uwar ta buɗe keke ta zuba masa mai, ta kunna rediyo, tana yi wa yaron wanka tana faɗa masa ga ƙafa ga kunne. Ita ma sai da ta sha fama, don in ta ɗauko waƙa sai ta ji muryar ta maƙale, ta koma ƙasa-ƙasa da kanta. Yaron yana kallo, yana saurare, yana nuna abu da yatsa in yana so. Baki dai shiru.

Akwai wata gada ta masu tafiya a ƙasa da ta haye layin dogo, can bayan kasuwa. Wata yamma suna tsakiyarta sai ga jirgin kaya ya taho. Gadar ta ɗauki rawa, jirgin ya yi wani dogon kuka, taragai suka shiga wucewa a ƙarƙashin ƙafafunsu. Dogo ya sauko da yaron ya riƙe shi a ƙirji don ya gani da kyau. Sai ya ji ɗan jikin nan ya sanƙare, ya ji ya ja numfashi.

"Aaaa!"

Murya ce ƙarama, a shaƙe, irin wadda ba a saba amfani da ita ba. Kafin Dogo ya gama gane abin da ya ji, yaron ya katse ta. Ya juyo a firgice, ya dubi uban cikin ido, ya ɗora yatsa a kan leɓensa.

Dogo ya sha ƙuna iri-iri a rayuwarsa, amma ba wadda ta shige shi kamar wannan kallon. Ɗansa tsoronsa yake ji. Bai taɓa dukansa ba, bai taɓa daka masa tsawa ba, barci kawai ya yi, kuma ga abin da barcin ya zama.

Sai ya juya ya fuskanci jirgin, ya buɗe baki ya kwarara ihu iya ƙarfinsa. Wata mata mai ɗauke da kaya ta ja da baya, wasu samari suka tsaya suna kallon ƙaton mutum yana yi wa jirgi ihu. Ya sake yi. Ya dubi yaron ya ce, "Ka gani? Ba komai. Yi naka." Salihi ya zuba masa ido kawai, yatsan yana nan inda yake har jirgin ya ɓace.

Suka ci gaba da zuwa gadar. Duk jirgin da ya wuce Dogo sai ya yi masa ihu, har masu sayar da kaya a gindin gadar suka saba, suna cewa ga mai gaisawa da jirgi ya iso. Yaron yana jin daɗi, yana ɗaga hannu, amma bai sake buɗe baki ba. Makonni suka wuce. Rashin barci ya fara nunawa a idon Dogo, sau biyu yana tsamo burodi ya yi duhu fiye da kima. Ranar komawa wurin nas tana matsowa, shi kuwa duk lokacin da ya tuna babban likita sai gabansa ya faɗi.

Wata safiya ya dawo daga aiki ya tarar da Maman Salihi a bakin famfo tana wanke kwanuka. Ta amsa gaisuwarsa tana kauda kai, ya gane akwai magana.

"Faɗi mana," ya ce.

"Ya fara," ta ce. "Jiya da ka fita, da shekaranjiya. Yana tura gwangwani a ƙasa yana kukan jirgi. Har ya ce mini Mama."

Dogo ya ji kamar ya zauna a ƙasa don daɗi. "Shi ne ba ki faɗa mini ba tun shekaranjiya?"

Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ya riga ya fita. "Na rasa yadda zan faɗa maka ne. Sai ba ka nan yake yi. Da ya ji takunka a ƙofa sai ya daina."

Ya tsaya da ledar burodi a hannu. Ya gode wa Allah, da gaske ya gode, don yaron zai yi magana, kuma abin da ya roƙa ke nan. Amma daɗin bai hana ɗayan abin yi masa ciwo ba. Ya shiga ɗaki, Salihi yana zaune da gwangwaninsa, ya ɗago ya yi wa uban murmushi, baki a rufe.

Wani abokin aikinsa, da ya ji labarin, ya ba shi shawara ya riƙa kwana a sito kan buhunan fulawa in an tashi, ya bar musu ɗakin su sake. Shawara ce mai kyau, kuma da ya bi ta da ya huta. Dogo ya ƙi. In ya yi haka, yaron zai tashi da sanin cewa magana abu ce da ake yi in Baba ba ya nan. Ya ce wa matar, in yana barci kada ta rage rediyo, kada ta fasa taka keke, kada ta rufe taga. Ya koyi barci a cikin haske da ƙara, guntu-guntu, yana tashi da ciwon kai.

Ana haka, wata rana da hantsi, yana kwance fuskarsa na kallon bango, barci ya ɗan ɗauke shi, sai wani sauti ya jawo shi sama. Keken ɗinki ya tsaya. Rediyo ma ba a jin ta sosai. Abin da yake ji a bayansa ne, dab da gadon: gwangwani yana gogar katakon gado, da wata 'yar murya tana cewa, "Uuu. Uuu. Cuku-cuku-cuku."

Dogo bai motsa ba. Ya bar idonsa a rufe, ya ci gaba da numfashi irin na mai barci, don ya san in ya juya za a daina. Jirgin gwangwani ya bi gefen gado, ya hau kan bargo, ya hau ƙafarsa, ya biyo bayansa a hankali har kafaɗa. Muryar tana ƙara ƙarfi. Hawaye suka gangaro masa ta gefen hanci suka jiƙa matashi, bai share ba.

Jirgin ya tsaya a wuyansa. Sai wani ɗan hannu mai ɗumi ya dafa masa kunci, ya bubbuga.

"Baba."

Ya juyo a hankali ya buɗe ido. Fuskar yaron tana dab da tasa. Can baya uwar tana zaune a kan keke, ta danne hannayenta biyu a cinya don kada su yi abin da suka saba. Salihi ya ga idon uban a buɗe, ya gane ya tashe shi. Murmushin ya ɗauke. Ɗan yatsan ya fara tashi zuwa leɓe.

Dogo ya miƙa hannunsa mai tabo ya kama yatsan tun bai kai ba, ya riƙe shi a tafinsa.

"Na'am," ya ce, da cikakkiyar murya. "Na'am, ɗana. Ga ni, na tashi. Ina jirgin zai je?"

Yaron ya dubi yatsansa a cikin hannun uban, ya dubi uwar, ya sake duban uban. Sannan ya ɗauki gwangwanin da ɗaya hannun ya ɗora a ƙirjin Dogo.

"Uuu," ya ce, a hankali, yana jira ya gani.

"Uuu," in ji Dogo, ya gyara kwanciya don jirgin ya sami hanya.